Dabino Goma Sha Ɗaya na Baba Kyari

Ku ƴaƴana, kun taso kuna jin cewa wani jiyometir, wato mai awon ƙasa, daga Damagaram ne ya yi kuskuren awo a lambunmu na kwari, har ya kusa haɗa mu rigima da gidan Baba Kyari. Na san kun ji, domin ni na ƙirƙiro labarin, ni na riƙa ba ku shi kuna ƙanana, kowace shekara ina ƙara masa gishiri, har na kai ga cewa mutumin ido ɗaya gare shi kuma a juye ya riƙe na'urarsa. To, idanunsa biyu ne, kuma sun fi nawa gani. Yanzu da furfura ta fara cin gemuna, hawan jini yana gaishe ni kowace safiya kafin uwarku ta gaishe ni, ina so in sauke wa bawan Allahn nan kayan da na ɗora masa. Manyan Gure duk sun san gaskiyar maganar. Kara kawai suka yi mini ba su faɗa muku ba.

Shekarar da kakanku ya rasu, bayan malamai sun raba gado, ƴan'uwana suka ɗauki gida da shanu suka bar mini lambun, tunda ni nake fama da shi tun ina yawo babu wando. Da a nan aka tsaya da ban rubuta wannan babi ba. Amma akwai yayana Isufu da ke aiki a Yamai, mutumin da ko ruwa zai sha sai ya nemi a ba shi takarda. Ya kira ni ta waya.

"Lawali, mu mun yarda, amma ƴaƴanmu ba su yarda ba tukuna, wasunsu ma ba a haife su ba. A mai da lambun nan sunanka a rubuce. Zan turo maka mai awo, in ya gama ka je wurin notar a Damagaram a hatimce maka takardu."

Sai kun san yadda kwarinmu yake kafin ku gane abin da na yi. A can babu shinge, babu dutsen iyaka. Kowane dabino da mai shi, kowa ya san nasa kamar yadda ya san akuyarsa, iyaka kuwa a cikin kan tsofaffi take. Namu ya tsaya a wata tsohuwar rijiya da ta rufta. Daga rijiyar zuwa gindin tudun yashi akwai dabino goma sha ɗaya, na Baba Kyari ne, aminin kakanku, tsoho mai magana ƙasa-ƙasa wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa ko jaki murya ba. Ba shi da shanu, ba shi da ɗa a birni. Da itatuwan nan yake ci da gidansa daga shekara zuwa shekara.

Mai awon, Malam Habu, ya iso ranar kasuwar Gidigir, ranar da kwarin yake zama wayam domin kowa ya tafi sayar da kayansa. Dogo ne siriri, da alama tun ranar sunansa bai ƙara dariya ba. Ya zo da direba, da buhun siminti, da borni huɗu, wato gajerun duwatsun siminti da ake kafawa a kusurwa, da wata na'ura a kan sanda wadda ya ce da sama take magana. Na yi masa barkwanci uku tsakanin tasha da kwari, ko haƙorinsa ban gani ba. Da muka sauka cikin lambun ya dubi ƴan fangalin albasana, ya dubi dabinonmu, ya dubi agogonsa.

"Wannan ɗan wurin aka taso ni tun daga Damagaram?"

Maganar ta soke ni. Kun san ubanku, in aka taɓa ni a nan, bakina ke tashi kafin hankalina ya sa takalmi. Na ce masa ai wannan bakin ƙofa ne kawai, lambun kakanmu in ka saki raƙumi da safe sai la'asar zai fita. Ya fito da ɗan littafi ya tambaye ni sunan maƙwabcinmu na gabas. Na ce maƙwabcinmu na gabas ai ƙasar Cadi ce. A kasuwar Gure da na faɗi haka da mutum biyar sun faɗi ƙasa. Shi kuwa sai ya tsaya da alƙalami yana jira.

"Malam, aiki nake. Ina iyakarku ta tsaya?"

Na ɗaga hannu na nuna masa dogon dabinon da ke can gindin tudu, na ƙarshe a cikin na Baba Kyari. Har yau ban san wanda ya ɗaga hannun nan ba. A raina na ce bari ya ɗan girmama ni na minti biyar, in na dawo sai in ce wasa nake, mu yi dariya. Na hau babur na koma gari ɗauko abincin da uwarku Zara ta dafa wa baƙi. A ƙofar gida na tarar da abokai, aka ja ni hira, na ba su labarin baƙon da ba ya dariya har da kwaikwayon tafiyarsa. Da na dawo kwari rana ta karkata. Borni huɗu suna tsaye cikin siminti, na huɗun yana gindin dogon dabinon nan, direba yana wanke hannu.

A nan ne wurin da nake so ku karanta sau biyu. Malam Habu ya miƙo mini takarda ya ce in duba, in daidai ne in sa hannu. Kalma uku kawai nake buƙata. Wasa nake yi. Na dubi fuskar mutumin, na dubi simintin da ya fara kamawa, na tuna raƙumin da na saka tun safe, sai na ji gara ƙasa ta haɗiye ni da in ce wa wannan fuskar ƙarya na yi. Na sa hannu. Na ce wa kaina gobe zan gyara. Kafin ya shiga mota ya juyo ya ce mini abu ɗaya, cewa borni in an kafa shi na gwamnati ne, wanda ya taɓa shi a kaso, wato gidan yari, zai kwana.

Goben ba ta zo ba. Bayan mako guda na je Damagaram wurin notar, wata mata mai tabarau a biro, wato ofis, mai sanyi kamar cikin randa. Ta karanta mini takardu da Faransanci, ta fassara, ta ce duk wanda ya ba da bayanin ƙarya a nan hukunci na kansa, na fahimta? Na ce na fahimta. Na sake sa hannu, ta buga tampo, wato hatimi, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Na fito da kaso biyu a gabana, ɗaya in na taɓa dutse, ɗaya in na buɗe baki.

Daga ranar nan na daina zama mutum. Ni da nake cinye kwanon mutum uku, sai ga ni ina juya cokali a fura. Wandona ya fara neman igiya ta biyu. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai cikina ya kaɗa, na san hanyar bayan gida fiye da hanyar masallaci. Wata rana da hantsi motar jandarmomi ta tsaya a ƙofarmu, kafin su kashe inji ina cikin garken awaki a durƙushe, bunsuru yana shinshinar ƙeyata. Ashe hanyar gidan mai ɗinki suke tambaya. Zara ta zo ta tsaya a kaina da muciya a hannu.

"Baban Hadiza, me ka yi?"

"Bunsurun nan nake dubawa, kamar yana tari."

"Shekara goma sha biyar ina zaune da kai, ban taɓa ganin ka kwana uku ba ka ba mutane dariya ba. Ko ka kashe wani, ko ka faɗi wata magana. Na fi zaton magana."

Na faɗa mata a nan cikin kashin awaki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in je in gaya wa Baba Kyari tun bai gani da idonsa ba. Na ce to. Na kwana biyu ina cewa to. A rana ta uku, da tsakar rana lokacin da zafi ke kora kowa inuwa, na ɗauki diga na ɓoye cikin buhu na nufi kwari, da niyyar in tumɓuke dutsen in ce yashi ya cinye shi, abin da ya biyo baya Allah ya kyauta. Na zagaya ta bayan tudu don kada a gan ni. Da na leƙo sai ga Baba Kyari zaune a kan bornin, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, kamar tun asuba yake jirana. Ƙafafuna suka ce su dai sun iso, ba za su ƙara ko taki ba.

"Lawali, ƙaraso. Wannan kujerar taka ce?"

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi ƙafarsa, na tambayi gidan kuma. Ya amsa duka. Ya dubi buhun da bakin diga ya leƙo, ya mai da idonsa kaina. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ai aikin gwamnati ne, Baba, na'ura ce ta nuna, ni ma ban gane ba. Ya daɗe yana kallon itatuwan.

"Ni da ubanka muka ɗauko ƴaƴan dabinon nan a kan jaki ɗaya. Shi ya riƙe, ni na binne. Ban iya takarda ba, ɗana. Littafi ɗaya na sani. Ranar Alhamis a ƙofar Bulama. In ka dafa ka ce naku ne, na bar maka, ba za ka ƙara jin bakina ba."

Ku da kuka yi lakwal, wato boko, wataƙila ba ku san nauyin wannan magana ba. A wurinmu rigimar ƙasa in ta kai ga dafa Alƙur'ani, ta ƙare, amma wanda ya dafa kan ƙarya shi ma ya ƙare. Tun muna yara ake nuna mana su, wannan bakinsa ya karkace, wancan gobara ta ci rumbunsa, wani ƴaƴansa suka bi juna. Ko rabin labaran ƙari ne, kuma ni na san ƙari in na gan shi, sauran rabin ya ishe ni. Na koma gida ina taɓa bakina ina duba ko ya fara tafiya gefe tun kafin in dafa.

Na kira Malam Habu. Ya saurare ni har na gama kewaye-kewayena, ya ce shi abin da aka nuna masa ya auna, kuma da sa hannuna a ƙasan takarda sau biyu. In ina so a gyara, sai in rubuta da kaina cewa bayanin da na bayar ba gaskiya ba ne, in kai biro. Na ce to me za su yi mini? Ya ce wannan ba aikin jiyometir ba ne. Na kira Yaya Isufu, na gaya masa rabin labarin, rabin da na'ura ce mai laifi. Ya ce kada in dafa komai, kada in ce komai, a gaban alƙali takarda mai tampo ta fi bakin tsoho, in yi shiru kawai itatuwan za su zama nawa.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwarku sai yanzu za ta ji. Maganar Yaya ta yi mini daɗi. Kwana biyu cur ina kwance ina ganin dabinon nan sun nuna jawur, ina ganin kaina ina loda buhuna a mota. Babu kaso, babu rantsuwa, shiru kawai. Na fara gaya wa kaina ai tsohon ya kusa, ai ƴaƴansa mata ne, ai zan riƙa aika masa da rabonsa. Wannan ya fi motar jandarmomi ba ni tsoro in na tuna, domin a kwana biyun nan ba wasa nake yi ba.

Inna ce ta katse mini. Kakarku a lokacin idonta ya yi rauni, amma kunnenta yana jin faɗuwar allura a can garin Alakos. Ranar Laraba da la'asar ta sa aka kira ni ɗakinta. Tana jan carbi, ba ta ko juyo ba.

"An ce gobe za ka dafa Littafi."

"Ba lalle ba ne, Inna. Yaya ya ce in na yi shiru..."

"Isufu yana Yamai. Ni a nan za a binne ni, kuma matan gidan Kyari ne za su wanke ni. Ranar da aka haife ka babu ko ƙwayar hatsi a gidan nan, dabinon Kyari na ci na sami nono. In za ka yi shiru, ka fara kai ni Yamai tukuna."

Ranar Alhamis da hantsi na tafi ƙofar Bulama, mai unguwarmu, kamar ragon da ya ga wuƙa. Na yi zaton mutum goma zan tarar. Duk mai dabino a kwari yana nan, har da waɗanda na yi zaton sun mutu. An shimfiɗa tabarma, an ajiye Alƙur'ani cikin gafakarsa a kan buzu. Bulama ya ce in yi alwala. Na yi, na ce ina shakka, na sake. Na sake ta uku, har mai buta ya ce ruwa ya ƙare. Na zo na durƙusa. Tsakanin hannuna da gafakar bai fi taƙi ɗaya ba. Bulama ya ce in faɗi abin da zan dafa a kai. Na dubi taron, mutanen da shekara da shekaru nake sa su dariya, na nemi wani barkwanci da zai fitar da ni. Kaina wayam.

"Ranka ya daɗe, ba zan dafa ba. Itatuwan na Baba ne. Iyakarmu rijiya ce. Ni na nuna wa mai awo dogon dabino, da wasa na yi."

Ba wanda ya yi dariya. Baba Kyari ya ɗago kai.

"Da wasan ka sa hannu?"

"A'a, Baba. Kunyar baƙo na ji."

"Ka ji kunyar wanda ya yini ɗaya a garin nan."

Ya dafa sandarsa ya tashi. Bulama ya sa aka ɗauke Littafin, ya ce in je in warware abin da na ƙulla, kuma kada in bari rana ta faɗi sau bakwai.

Na rubuta takardar da hannuna. Zara ta haɗa mini ƙullin kaya har da bargo, domin ni da ita mun sallama cewa daga biro sai kaso. Na yi ban kwana da awaki. A Damagaram na yini a kan benci ina kallon ƙofa, duk wanda ya shigo da kaki sai in miƙe in haɗa hannuwa wuri ɗaya don in rage masa wahala. Da aka shigar da ni, shugaban biron ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa, ya kira abokin aikinsa shi ma ya karanta. Ya ce Allah ya taimake ni takardar mallaka ba ta fito ba tukuna, kuma da ƙafata na zo. Ya wanke ni tas, wankin da ko Inna ba ta taɓa yi mini ba, ya ce a soke awon a sake daga farko, komai a wuyana. Na fito da bargona a hammata. Bijimin da nake ji da shi, wanda nake cewa ya fi motar perefe, shugaban gundumarmu, ƙarfi, shi ya tafi a wannan gyaran.

Malam Habu ya dawo, wannan karon ba ranar kasuwa ba. Ya ƙi sauke na'ura sai da aka tara maƙwabta duka. Shi ya ba da izini, ni na fasa simintin da hannuna, Baba Kyari ya taka da sandarsa har bakin rijiya ya nuna wurin. Mai awon ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya ko daidai ne. Da ya zo kaina sai ya tsallake ya tambayi na bayana.

Kaso dai ban shiga ba, bakina kuma yana nan inda Allah ya ajiye shi. Mutanen gari suka huce, har suka mai da abin labari, in na wuce a ce ga mai iyaka da Cadi. Baba Kyari ma bai ƙaurace mini ba. Yana amsa gaisuwata, ya zo sunan biyu daga cikinku, kowace kaka yana aiko wa Inna da dabino. Abu ɗaya ne ya janye. Kafin shekarar nan babu mai dariyar maganata kamarsa, tsohon da ba ya ɗaga murya amma in na fara sai ya riƙe ciki yana share hawaye da bakin rawani. Bayanta na yi shekara shida ina kai masa mafi kyawun abin da nake da shi. Yakan saurara har ƙarshe, cikin ladabi, kamar ana karanta masa sanarwa.

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi da hantsi. Yana kwance a zaure, ya rame har tabarma ta fi shi kauri. Na zauna kusa da kansa na ba shi labarin wani ɗan kasuwa da raƙuminsa ya haɗiye rediyo, kullum ƙarfe bakwai sai cikinsa ya fara labaran duniya. Ƴaƴansa mata suna bayan labule suna ƙyalƙyatawa. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Lawali, wannan gaskiya ne?"

"A'a, Baba."

"To," ya ce, ya mai da idonsa ya rufe.